Darasi na Bakwai: Kundin Tsarin Mulki da 'Yancin Zaɓe a Najeriya

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake nufi da kundin tsarin mulki da dalilin da ya sa ya fi kowace doka ƙarfi;
2. faɗin rassan gwamnati uku da matakanta uku, da aikin kowanne;
3. kawo wasu daga cikin haƙƙoƙin da kundin ya ba ɗan ƙasa;
4. ba da tarihin yadda ƙuri'a ta iso hannun talaka, musamman matan Arewa;
5. bayyana yadda ake kaɗa ƙuri'a da abin da doka ta tanada bayan zaɓe.

Mene ne kundin tsarin mulki?

Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ya san cewa kafin a fara tara kuɗi sai an zauna an tsara ƙa'idoji: wa zai shugabanta, shekara nawa zai yi, wa zai riƙe kuɗi, me za a yi wa wanda ya ci amana. Idan rigima ta tashi, takardar nan ake ɗaukowa, kuma shugaban ƙungiya kansa ba shi da ikon tsallake abin da ke cikinta. Ƙasa ma tana da irin wannan takarda, ita ce ake kira kundin tsarin mulki. Shi ne ke kafa gwamnati, ya raba mata aiki, ya shata mata iyakar da ba za ta wuce ba, ya kuma jera haƙƙoƙin da ɗan ƙasa yake da su a kanta.

Kundin da Najeriya take aiki da shi yanzu ya fara aiki ne ranar 29 ga Mayu, 1999, ranar da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Cif Olusegun Obasanjo. Gwamnatin soja ce ta fitar da shi ta hanyar dokar soja mai lamba 24 ta shekarar 1999, kuma yawancin abin da ke cikinsa an ɗauko shi ne daga kundin 1979. Wannan ne ya sa har gobe wasu lauyoyi da 'yan siyasa suke sukarsa, suna cewa an rubuta shi da sunan jama'a alhali ba a tambayi jama'a ba. Ko ma dai mene ne, shi ne kundin da kotuna suke hukunci da shi, shi ne kuma shugaban ƙasa da gwamnoni suke rantsuwa za su kare.

Sashe na 1 ya kafa abubuwa uku. Na farko, kundin yana saman kowa da kowace hukuma a ƙasar nan. Na biyu, ba wanda zai karɓi mulki sai ta hanyar da kundin ya tsara, saboda haka juyin mulki haramun ne a idon doka. Na uku, duk dokar da ta ci karo da kundin, ko majalisar ƙasa ce ta yi ta ko ta jiha, ɓangaren da ya ci karon ya zama banza. Sashe na 14 ya ƙara da cewa mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun ikonta, kuma babban aikin gwamnati shi ne tsaron jama'a da jin daɗinsu. A riƙe wannan sashe da kyau, domin duk abin da za mu karanta a gaba a kansa aka gina shi.

Yadda aka raba iko

Masu tsara kundin sun san cewa idan iko ya taru a hannun mutum ɗaya, sai yadda ya ga dama zai yi da mutane. Don haka suka raba shi gida uku.

Sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka. A matakin tarayya akwai Majalisar Dattawa mai sanatoci 109, wato uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, da Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Kowace jiha kuma tana da majalisar dokokinta.

Sashe na 5 ya ba ɓangaren zartarwa ikon aiwatar da doka. Shugaban ƙasa da ministocinsa, da gwamna da kwamishinoninsa, su ne wannan ɓangare.

Sashe na 6 ya ba kotuna ikon fassara doka da raba gardama. Kotun Ƙoli ce ta ƙarshe, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai manyan kotunan tarayya da na jihohi. Kundin ya kuma amince da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ta dokokin gargajiya ga jihar da take buƙata.

Kowane ɓangare an ba shi linzamin da zai ja ɗan'uwansa. Shugaban ƙasa yana zaɓar ministoci, amma sai Majalisar Dattawa ta tantance su. Majalisa tana yin doka, amma sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Idan ya ƙi, bayan kwana 30 majalisun biyu za su iya sake amincewa da ita da rinjayen kashi biyu bisa uku, ta zama doka ko ya so ko ya ƙi. Haka aka yi a shekarar 2000 da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, lokacin da Obasanjo ya ƙi sa mata hannu. Majalisa tana da ikon tsige shugaban ƙasa ko gwamna. Gwamnan farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna, a watan Yuni na 1981. Shi ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisar jihar kuwa 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, har ma sun ƙi amince masa da kwamishinoni. Wannan ya nuna cewa ikon da aka tanada domin tsare gaskiya ana iya mayar da shi makamin siyasa.

Bayan rassa uku, akwai matakai uku: tarayya, jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Akwai abubuwan da tarayya kaɗai take yi wa doka, kamar soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, da ma'adinai. Akwai waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, kamar ilimi mai zurfi da raya aikin gona. Wannan rabo yana iya canjawa. A gyaran da aka yi a 2023 an ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, an kuma faɗaɗa musu iko a harkar wutar lantarki. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanninsu ya naɗa kantomomi.

Amfanin sanin wannan rabo shi ne a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wanda kasuwar garinsu ta cika da shara, shugaban ƙaramar hukuma da kansila zai nema. Wanda yake ganin wata doka ta matsa wa manoma, ɗan majalisa zai nema.

Haƙƙoƙin ɗan ƙasa

Babi na huɗu na kundin, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ya ƙunshi manyan haƙƙoƙin ɗan'adam: haƙƙin rayuwa, da na mutunci, da 'yancin walwala, da shari'a ta adalci, da 'yancin addini, da na faɗin albarkacin baki, da na taro da shiga ƙungiya, da na zirga-zirga da zama a ko'ina a cikin ƙasa, da kariya daga nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi, da mallakar dukiya.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu duba shi da kyau. A ce an kama wani magidanci an kai shi caji ofis. Sashe na 35 ya ce yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya amince da shi. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotun da za ta iya sauraron maganar a cikin tazarar kilomita 40, wajibi ne a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Idan babu, cikin kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Wannan ƙa'ida tana da togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. A gaban kotu kuma, sashe na 36 ya ce shi mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, sai a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda aka take masa ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi yana iya kai ƙara Babbar Kotu a jihar da abin ya faru.

Akwai bambanci tsakanin wannan babi da babi na biyu, wanda ya yi maganar ilimi kyauta da kiwon lafiya da aikin yi. Abin da ke babi na biyu manufofi ne da aka ɗora wa gwamnati ta bi, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta su, sai fa idan majalisa ta mayar da wani daga cikinsu doka. To idan alƙali ba zai tilasta wa gwamna ya gina asibiti ba, wa zai tilasta masa? Mai ƙuri'a. Nan ne kundin tsarin mulki ya haɗu da akwatin zaɓe.

Yadda ƙuri'a ta iso hannun talaka

Zaɓen 'yan majalisa ya fara ne a Najeriya ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922. Kujeru huɗu kacal aka ware don zaɓe, uku a Legas, ɗaya a Kalaba, kuma ba mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun aƙalla fam 100 a shekara. Arewa ba ta ma cikin wannan majalisa. Gwamna ne yake yi mata doka da kansa.

Tsarin Richards na 1946 ya shigar da Arewa cikin majalisar ƙasa, ya kuma kafa majalisun yankuna. Tsarin Macpherson na 1951 ya kawo zaɓe Arewa, amma zaɓe ne hawa-hawa: mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda ake fitar da 'yan majalisa. A matakin ƙarshe En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, tana da ikon shigar da mutanenta. Shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta taka rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma da aka je ƙarshe ta tashi a tutar babu. Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa sun daɗe suna neman a ba kowa ƙuri'arsa kai tsaye.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun 'yancin kai, maza da mata sun yi zaɓe a Kudu. A Arewa kuwa maza kaɗai aka yarje wa. Haka aka tafi duk tsawon Jamhuriya ta Ɗaya: macen Arewa tana iya zama malamar makaranta ko ungozoma ko attajira, amma ba ta da ta cewa a kan wanda zai mulke ta. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan wannan batu akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, wadda ta sha ɗauri da duka sau da dama saboda siyasa. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka ba matan Arewa damar zaɓe, shekara 16 bayan samun 'yancin kai. Kundin 1979 ya tabbatar da wannan haƙƙi ga kowane ɗan ƙasa, mace da namiji, daga shekara 18.

Samun ƙuri'a daban, a mutunta ta daban. Ranar 12 ga Yuni, 1993, 'yan Najeriya suka fita zaɓe tsakanin Cif Moshood Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ne a gaba, har a jihar Kano, mahaifar Tofa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, ƙasar ta faɗa rikicin da bai lafa ba sai 1999. A 2018 aka mayar da Ranar Dimokuraɗiyya zuwa 12 ga Yuni domin tunawa da wannan zaɓe. A 2015 kuma aka ga wani abu da ba a taɓa gani ba: shugaba mai ci, Dakta Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe, ya kuma kira Janar Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun kafin a gama bayyana sakamako.

Wa ke zaɓe, wa ake zaɓa?

Sashe na 77 ya ce duk ɗan Najeriya da ya kai shekara 18, kuma yana zaune a ƙasar lokacin rajista, yana da haƙƙin a sa sunansa a rajistar masu zaɓe. Ba a neman takardar makaranta, ba a neman rasiɗin haraji, ba a tambayar ko mutum ya iya karatu. Saboda sharaɗin zama a cikin ƙasa, ɗan Najeriya da ke Saudiyya ko Sudan ko Ingila ba ya iya jefa ƙuri'a daga can, sai ya zo gida ya yi rajista, ya kuma dawo ranar zaɓe. Yin rajista sau biyu laifi ne, haka ma sayar da katin zaɓe ko ajiye katin wani. Wanda ya sauya gari yana iya neman a mayar da sunansa mazaɓar da ya koma.

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ita ke yin rajista da shirya zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa hukumomin zaɓe na jihohi ne suke yi, sai a Abuja kaɗai INEC take yin sa.

Mai son tsayawa takara dole ya kasance ɗan wata jam'iyya mai rajista, ita kuma ta tsayar da shi, domin kundin bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Yana buƙatar ilimi aƙalla na sakandare ko makamancinsa. A 2018 aka rage shekarun takara bayan matasa sun matsa lamba: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Na sanata da gwamna suna nan a 35. Wa'adin shugaban ƙasa da gwamna shekara huɗu ne, kuma ba a zaɓen mutum fiye da sau biyu. 'Yan majalisa ba a ƙayyade musu yawan zuwa ba.

Ranar zaɓe

Ga yadda aka tsara abin a zaɓen 2023. Ana buɗe rumfar zaɓe da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana, amma duk wanda yake kan layi kafin lokacin sai ya jefa ƙuri'arsa ko da dare zai yi. Tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu ana ba su fifiko. Mai zaɓe zai miƙa katinsa ga malamin zaɓe, wanda sau da yawa matashi ne mai yi wa ƙasa hidima. Za a tantance shi da na'urar BVAS, ko dai ta zanen yatsa ko ta fuska. Sai a duba sunansa a rajista, a shafa masa tawada a gefen farce, a ba shi takardar ƙuri'a mai hatimi da sa hannu a bayanta.

A takardar ba hoton ɗan takara, sai alamun jam'iyyu da sunayensu a taƙaice. Saboda haka tun daga gida ya kamata mutum ya san alamar jam'iyyar da yake so. Zai shiga keɓantaccen wuri shi kaɗai, ba tare da waya ba, ya dangwala yatsa a cikin akwatin da ke gefen alamar. Idan ya dangwala wa jam'iyya biyu, ko tawada ta ɓata takardar har ba a gane abin da yake nufi ba, ƙuri'ar ta lalace. Sai ya naɗe takardar a hankali ya jefa a akwati a gaban kowa. Makaho ko wanda ba ya iya dangwalawa da kansa yana iya zuwa da mutumin da shi ya zaɓa ya taimake shi.

Idan an gama, a nan rumfar ake ware ƙuri'u a ƙirga da babbar murya. A rubuta sakamako a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowannensu kwafi, a manna ɗaya a bango, a kuma ɗauki hotonsa da na'ura a tura shafin hukumar. Idan ƙuri'un da aka jefa sun fi yawan mutanen da aka tantance, an yi aringizo ke nan, sai a soke sakamakon rumfar. Mai zaɓe yana da damar tsayawa a gefe cikin natsuwa ya ga ƙidayar.

Lissafin da ya girgiza ƙasa a 1979

Ba yawan ƙuri'a kaɗai ke sa a zama shugaban ƙasa ba. Sashe na 134 ya ce dole ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Idan ba wanda ya cika sharuɗɗan, sai a je zagaye na biyu. Hikimar ita ce kada yanki ɗaya ya naɗa wa ƙasa shugaba shi kaɗai. Gwamna ma haka ne, amma shi ana lissafi ne da ƙananan hukumomin jiharsa.

An fara gwada wannan ƙa'ida a 1979, lokacin jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 12. A ta 13, wato Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, abin da Shagari ya samu bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya garzaya kotu, yana cewa jiha ba ta rabuwa, don haka biyu bisa uku na 19 dole a cike shi ya zama 13. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce lissafin 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a Kano abin da ake nema shi ne kashi ɗaya bisa huɗu na biyu bisa ukun ƙuri'un jihar, wato kashi ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya wuce haka. Ranar 26 ga Satumba, 1979, Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Ƙuri'un tsirarun Kanawa da suka zaɓi wanda bai ci jiharsu ba, su suka cike masa lissafi.

A 2023 ma wannan ƙa'ida ta koma kotu, a kan ko dole ne sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a Abuja. Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne, ana lissafa Abuja ne tamkar ɗaya daga cikin jihohi.

Bayan an rufe akwati

Ɗan takara ko jam'iyyar da ba su gamsu ba suna da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako su shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60.

Su ma masu zaɓe suna da hanyar janye ɗan majalisar da ya gaza, wato kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya rushe a 2018 tun a matakin tantance sa hannu.

Gyara kundin kansa ya fi haka wuya. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisar ƙasa sun yarda, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 su amince. Idan gyaran ya shafi babin haƙƙoƙin ɗan'adam, kashi huɗu bisa biyar ake nema a majalisun ƙasa. Amfanin wannan tsauri ya fito fili a 2006, lokacin da aka kawo ƙudurin da zai ba shugaban ƙasa damar yin wa'adi na uku. Ranar 16 ga Mayu, Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Ken Nnamani ta yi watsi da shi. A maƙwabciyarmu Nijar abin ya sha bamban. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce a'a, sai ya rushe majalisa da kotun, ya shirya ƙuri'ar raba gardama. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, sojoji suka kifar da shi. Inda majalisa ta iya taka wa shugaba birki, an wuce wurin lami lafiya. Inda aka ture ta, bindiga ce ta raba gardamar.

Haƙƙin da ake sakaci da shi

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, mutum fiye da miliyan 93 ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. Wato a cikin mutum huɗu masu rajista, kusan uku sun zauna a gida. Wasu tsoron 'yan bangar siyasa ya hana su, wasu ba su karɓi katinsu ba, wasu kuma sun yanke ƙauna, suna cewa ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya ne. Sai dai wanda ya ƙi fita bai tsira daga hukuncin zaɓen ba, domin wanda wasu suka zaɓa shi zai yanke masa kuɗin makaranta da na taki har shekara huɗu. Kuma rumfar da mutane suka ƙaurace wa ita ta fi sauƙin yi wa maguɗi.

Matsala ta biyu ita ce sayen ƙuri'a da kuɗi ko taliya ko atamfa. Dokar zaɓe ta ɗauki wannan a matsayin laifi a kan mai bayarwa da mai karɓa duka, hukuncinsa tara ko ɗauri ko duka biyun. Gaskiya ne talauci ke tura mutane, amma a yi lissafi: shekara huɗu kwana 1,461 ne. A raba abin da aka ba mutum a rumfar zaɓe da waɗannan kwanaki a ga nawa ya sayar da kowace rana. Ɗan siyasar da ya saya kuwa yana ganin ya biya, ba wanda yake binsa bashin aiki.

Tambayoyi

1. Me sashe na 1 ya ce game da dokar da ta ci karo da kundin tsarin mulki?
2. Kawo hanyoyi biyu da majalisa take taka wa ɓangaren zartarwa birki.
3. Mene ne bambancin babi na biyu da babi na huɗu?
4. A wace shekara matan Arewa suka samu 'yancin zaɓe, kuma wace rawa Hajiya Gambo Sawaba ta taka?
5. Bayyana gardamar da aka yi a kan ƙuri'un Kano a 1979.
6. Waɗanne abubuwa ke lalata ƙuri'a?

Tattaunawa a aji

Ku kasu gida biyu. Rukuni ɗaya ya kare ra'ayin cewa ya kamata INEC ta karɓi zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun jihohi, ɗayan ya kare akasin haka. Kowane rukuni ya kawo hujja uku.

Aikin gida

Kowa ya rubuto sunan mazaɓarsa da rumfar zaɓensa, da sunayen kansilansa, shugaban ƙaramar hukumarsa, ɗan majalisar jiha, ɗan Majalisar Wakilai da sanatansa. Sannan ku bincika a gidajenku: duk wanda ya kai shekara 18, ɗa ne ko 'ya, mata ce ko ƙanwa, a tabbatar yana da katin zaɓe. Wanda ba shi da shi, ku raka shi ofishin INEC na ƙaramar hukumarku da zarar an buɗe rajista.